Hoton Ƙafar Gimbiya

Ranar da na kama aiki a ƙofar gandun namun daji, abin da ya fara ɓata mini rai sanda ce. Guntuwar ƙotar fartanya ce, ta yi sulɓi don shan hannu, an rataye ta a ƙusa kusa da tagar yankan tikiti. Da ita Baba Mai Ƙofa yake auna kyamarar baƙi.

Doka ta ce hoton waya da na ƙaramar kyamara kowa ya ɗauka, ba ruwan kowa. Amma in kyamara tana da dogon gilashin nan da ake ɗaura mata a gaba don jawo abin da ke nesa, wanda mu a ƙofa muke ce wa hanci, to ta zama ta sana'a, sai da takardar izini. Baba sai ya kara sandarsa a jikin hancin. In bai kai sanda ba, a wuce. Matsalar ita ce hancin kyamara yana shiga yana fita kamar wuyan kunkuru, Baba kuwa a naɗe yake auna shi. Duk direban da ke kawo masu yawon buɗe ido ya san haka. Tun daga kwanar ƙarshe za ka ji suna ce wa baƙinsu, "A mai da hanci ciki, an kusa ƙofa."

Na ce, "Baba, wannan ai wasan yara ne."

Ya ce, "'Yata, shekara talatin da ɗaya ina wannan wasan, ba giwar da ta kawo ƙara."

Ni kuwa shekara biyar na yi a jami'a ina karatun kula da namun daji, ban zo nan don in saurari zancen ƙarar giwa ba. Cikin wata biyu na ga abin da ya ishe ni. Wasu suka shigo da sunan iyali ne masu hutu, ashe tallar lemun kwalba suka zo ɗauka. Suka sauka daga hanya, suka kewaye zakanya da 'ya'yanta da mota uku, har ta bar inuwarta da tsakar rana tana jan ƙananan a baki ɗaya bayan ɗaya. Ranar na zauna na rubuta wa hedikwata shafi shida. Ban zaci za a karanta ba, sai ga shi an karanta, har an mayar da shi sanarwa mai lamba da hatimi. Daga yau da tef irin na tela za a auna hanci, a miƙe iyakar miƙewarsa. In ya wuce santimita ashirin, sai da izini. Izini kuwa daga hedikwata kaɗai yake fitowa, bayan kwana goma sha huɗu na aiki. A can ƙasa aka bar layin da na rubuta da hannuna, har da jan layin da na yi masa: ba sani, ba sabo.

Na manna sanarwar a saman ƙusa, na rataye tef a kan sandar Baba. Direbobi suka sa mini suna 'Yar Doka. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Wata uku bayan haka, wata ranar Litinin, 'yan sintiri suka dawo da labarin Gimbiya. Gimbiya raƙumar dawa ce, ita ta fi tsayi a cikin matan garken da ke kiwo gefen kogi, tana tafiya kamar ba ta son ƙasa ta taɓa ta. Ta taka tarkon mafarauta, irin wanda suke ɗanawa da igiyar birkin babur. Ta fizge ta tsinke shi daga turke, amma zoben ya zauna mata a ƙafar baya ta hagu, sama da kofato, kuma duk takun da ta yi sai ya ƙara nutsewa cikin nama.

Na kira likitan dabbobi. Shi kaɗai ne ga gandu huɗu, kullum za ka ji ƙarar mota a bayan muryarsa.

Ya ce, "Turo hoto."

"Likita, mutum uku sun gani da idonsu."

"Bara ma mutum uku suka ga ɓauna da karaya. Na yi awa tara a hanya, na tarar taɓo ne ya bushe mata a gwiwa. Kuma raƙumin dawa ba akuya ba ne, Malama. Allurar barci in ta yi yawa ba zai tashi ba, in ta yi kaɗan ya tashi da ni. Sai na ga girmanta da zurfin ciwon kafin in haɗa magani. Ofis ma ba za su sakar mini mota ba sai da hoto a fayil."

"Kwana nawa take da shi?"

Ya ce, "In igiyar ta kai ƙashi, an gama. Ki ɗauka mako guda ne, kada ki yi masa ƙari."

Na ɗauki motar sintiri da wayata na shiga daji. Dabba mai ciwo ba ta yarda da kowa. Da ta ji inji sai ta ja baya tana ɗingishi, ni kuma ina ganin kowane taku yana ci mata nama, sai na tsaya. Na tura wa likita abin da waya ta iya ɗaukowa daga taku ɗari biyu. Ya amsa da layi ɗaya: "Wannan turken lantarki ne?"

Washegari na tuna gandu yana da kyamararsa, na taɓa ganinta a jerin kayan ofis. Na sa aka buɗe kabad, na same ta kwance a jakarta, hancin ya yi fumfuna daga ciki kamar tsohon burodi. Shekara biyu ke nan da aka ce za a kai ta gyara. Irin wannan ne yake sa ni jin kamar in kifar da tebur. Kowa ya san ta lalace, kowa ya san wata rana za a neme ta, kowa ya ce Allah ya kyauta ya koma kan shayinsa.

Saura mutum ɗaya da na sani mai dogon hanci: mijin Yayata. Mai hoton biki ne, shagonsa yana cikin gari tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da labule. Hancin kyamararsa ya kai tsawon damtse, kuma Yaya ta ce ya fi goge shi a kan yadda yake goge wa 'ya'yansa majina. Sai dai shigo da shi gandu yana buƙatar izini. Na kira Darakta a hedikwata.

"Ranka ya daɗe, izinin gaggawa nake nema, na yini ɗaya."

"Babu wani abu mai suna izinin gaggawa."

"Ai dabba ce za ta mutu."

"Malama, sanarwar tana gabana. Kin tuna wanda ya rubuta layin ƙarshe? In na buɗe miki yau, gobe masu lemun kwalba su ma za su zo da tasu gaggawar. Ki cika fom, zan sa a hanzarta."

"Hanzarin kwana nawa ne, ranka ya daɗe?"

"Goma sha huɗu. Amma da hanzari."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Na cika fom na tura, na fito na zauna a bencin ƙofa ƙarƙashin sanarwata. Baba yana gefe yana buɗe murfin bayan rediyonsa da tsinin wuƙa. Na jira ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba, kuma wannan ya fi ciwo. Sai da ya hura batir ya mayar sannan ya yi magana.

"'Yata, sanarwar nan taki, ina ne iyakarta?"

"Ko'ina cikin gandu."

"Kogi fa?"

"Kogi shi ne iyaka."

"To tsallaken kogi gonar albasa ce, mai ita abokina ne. Garken Gimbiya daidai gaban gonar suke sauka shan ruwa da hantsi. Wanda ya tsaya cikin albasa, ko hancinsa ya kai sandar tuta, ba ruwan hedikwata da shi."

Na dube shi. Wata biyar ina kallon mutumin nan a matsayin wani abu da ya kamata a kaɗe tare da yanar gizo-gizon ofis.

"Baba, me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Kina waya da manya."

Ranar Laraba mijin Yaya ya iso gonar a babur, da takalmi mai tsini, da kyamara a wuya, da farar lemar nan da suke mayar da haske da ita.

"'Yar Doka! Yau doka ce take neman alfarma wurin mai hoto? Maimaita da ƙarfi in ɗauka a waya, Yayarki ta ji."

"Mijin Yaya, ka rage murya. Kuma ka naɗe lemar nan, dabba ce ba ango ba."

"Ke kin san daji, ni na san fuska. Kowa ya tsaya a layinsa."

Muka tsugunna tsakanin kunyoyin albasa, takalminsa yana nutsewa a laka yana tsaki. Can sai ga su, wuya bayan wuya daga cikin bishiyoyi. Gimbiya ce ta ƙarshe, tana jan ƙafar. Ta daɗe tana kallon ruwan kafin ta ware ƙafafun gaba ta sunkuya. Mijin Yaya ya manna ido a kyamara, sai na ji yana raɗa.

"Amarya, ɗago kai. Yawwa. Kalli nan. Kai, dubi gashin ido! Wannan ba ta buƙatar kwalliya."

"Ƙafa," na ce. "Ta baya, ta hagu."

"Na ji, na ɗauka. Har wutsiya na ɗauka."

Ya nuna mini a ɗan gilashin bayan kyamara. Rana tana haska shi, amma na ga Gimbiya tsaye gaba ɗayanta, na ga baƙin zobe da kumburi a ƙafar. Na ce ya turo mini yanzu. Ya ce kyamararsa ba ta magana da waya, sai an bi ta kwamfutar shago, ga shi yana da biki ƙarfe biyu.

"Kuma ni ba na sakin hoto ɗanye, sunana ne a kai. Zan gyara miki shi, gobe da safe kin samu."

Na ɗauka gyara yana nufin ya ƙara haske don ciwon ya fito sosai. Na ce to. Wannan to ɗin har yau ina jin haushinta.

Ranar Alhamis ina bakin shagon kafin ya gama ɗage ƙofa. Bangon duk amare ne, daga sama har ƙasa, kowacce fatarta sumul kamar an wanke faranti. Ga labulen da aka zana wa ruwa mai gangarowa daga dutse, ga kujera mai ruwan gwal, ga furannin roba da ƙura ta mayar ruwan toka. Ya ce in rufe ido. Na ƙi. Sai ya jawo wani ƙaton firam daga bayan tebur ya juyo da shi.

Gimbiya ce. Sama ta fi ta Allah shuɗi, gashin idonta ana iya ƙirga shi. Ƙafafu huɗu santala-santala kamar sababbin taɓare.

"Ina igiyar?"

"Wace igiya?"

"Igiyar ƙarfen da ke ƙafarta!"

"Au, wannan baƙin abin? Na goge shi, ya ɓata hoton gaba ɗaya. Har kumburin na rage mata, yanzu ƙafar ta yi daidai da 'yan'uwanta. Awa biyu na yi a kai. Ba sai kin gode ba, ke ta gida ce."

"Mijin Yaya, don igiyar aka kira ka!"

"Kin ce in ɗauki ƙafa, ba ki ce in bar mata aibi ba. Shekara goma sha bakwai ba wadda ta fita daga shagon nan da ƙurji a fuska."

"To ina na asalin?"

Ya sosa ƙeya. "Na asali ba ya kwana a wurina. Tun ranar da wata uwar ango ta leƙa kwamfuta ta ga amarya kafin gyara, na yi alkawari. Katin kuma na share shi jiya don biki."

Ban san na ɗaga murya ba sai da mai agogo ya leƙo da gilashi a ido ɗaya. Yaya ta fito daga ƙofar baya, da yake gidansu a bayan shagon yake, hannunta duk kumfar wanki.

"Wa yake yi wa mijina ihu da sassafe?"

Na yi mata bayani cikin numfashi ɗaya. Ta dubi firam, ta dubi mijinta.

"Garin neman gira an rasa ido. Ni ma haka ya yi mini. Hoton aurenmu har yau Mama ba ta yarda ni ce a ciki ba, cewa take wace ce wannan ta zauna kusa da surukinta." Ta share hannu a zane. "Ɗauki kyamararka ka bi ta. Kada ka dawo gidan nan sai da ƙafa mai ciwo."

Muna hanyar gonar albasa shugaban sintiri ya kira ni. Ya ce kada mu wahalar da kanmu, garke ya sauka kogi ba Gimbiya. Tana tsaye ita kaɗai cikin bishiyoyin ƙaya, kilomita biyu daga ƙofa, ta daina taka ƙafar. Kwana huɗu ke nan cikin bakwai ɗin likita. Na juya kan mota.

A ƙofa Baba ya ji labari, bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana motsi. Ya ɗage tef daga kan ƙusa ya zaro tsohuwar sandarsa.

"'Yata, kwanan nan idona ya yi rauni, lambobin tef ɗin nan ba na ganinsu. Shiga ciki ki sha ruwa, ni in auna da abin da na saba."

Mijin Yaya ya riga ya mai da hanci ciki. Na ga da idona, a naɗe bai kai sandar ba da faɗin yatsa. Abin da ake so kawai in juya baya na minti ɗaya. Ga direbobi biyu a inuwa suna jiran baƙinsu, sun yi kamar ba sa kallo. Kafin azahar duk garejin gari zai san 'Yar Doka ma tana shan ruwa in an zo kan nata. Na tuna zakanyar nan da ɗanta a baki.

"A'a, Baba."

Mijin Yaya ya ce, "To mu koma ke nan? Ke kin ji abin da Yayarki ta ce fa."

"Ba inda za mu koma. Miƙe hancin."

Ya miƙe shi. Na ɗora tef: santimita arba'in da ɗaya. Na jawo littafin shiga na rubuta lambar yadda take. A gurbin izini na rubuta babu. A gurbin bayani na rubuta: ni na shigar da shi da sanina, don ɗaukar hoton dabba mai rauni. Na sa hannu, na sa lokaci.

Baba ya juyo da littafin ya karanta tsaf, da idon nan da ba ya ganin lamba.

"Shekara talatin da ɗaya ina lanƙwasa doka, ban taɓa ganin wanda ya karya ta ya sa hannu ba. Kin san har yanzu ba a tabbatar da ke a aiki ba?"

"Na sani."

"To Allah ya raba ki da wannan taurin kai, amma ba yau ba." Ya ɗage mana shingen. "Ciyawar wurin ta yi tsayi, ba za ku ga ƙafar ba. Kada ki matsa mata. Ki kashe inji ki duba carki, tsuntsayen nan masu bin jikinsu suna cin kaska. In kin ga sun bar wuya sun gangara ƙasa, ciwon suke bi. Za ta ɗaga ƙafar ta kore su. Sau ɗaya ko biyu, ba ƙari."

Muka same ta inda aka ce. Ban sauka daga hanya ba ko da taya ɗaya, wannan dokar ba ta yi mini laifin komai ba. Na kashe inji, muka zauna. Ciyawa ta rufe ta har gwiwa. Motar ta zama tanda, rigar mijin Yaya ta manne a bayansa, ya fara lissafa mini bukukuwan da ya taɓa jira, har da wanda amarya ta yi awa huɗu wurin ɗaurin kallabi. Bayan awa ɗaya labari ya ƙare masa. Gimbiya ba ta ci ko ganye ɗaya ba, ta tsaya kawai, kanta a ɗan sunkuye.

Sai carki biyu suka zamo daga wuyanta, suka bi ta baya, suka ɓace cikin ciyawa.

"Shirya," na ce. "Ƙasa. In ka ɗauki gashin ido, da kaina zan kai ka wurin Yaya."

Ta ɗago ƙafar a hankali, ta kaɗa. Na ji kyamara tana ta ƙyas-ƙyas kamar keken ɗinki. Ƙafar ta koma cikin ciyawa. Mijin Yaya bai sauke kyamarar ba, ya daɗe yana duban ɗan gilashin bayanta. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

"Subhanallahi. Wannan na goge?"

Na karɓa na duba. Igiyar ta nutse har ba a ganin rabinta, naman gefen ya buɗe ja, ƙudaje sun yi masa rawani. Ba hoton da za a rataya a bango ba ne. Na buɗe gefen kyamara na zare katin, na sa a aljihun rigata na ɓalle maɓalli.

"Ko ɗan haske kaɗan..."

"Ko numfashi kada ka yi masa."

Daga kwamfutar ofis na tura wa likita hotuna shida. Na tura wa Darakta su, haɗe da hoton shafin littafin shiga. Likita ya fara kira.

"Bai kai ƙashi ba, amma yana ƙwanƙwasa ƙofa. Wa ya ɗauki wannan? Ya iya aiki. A tara mini mutum takwas da igiya, gobe ina nan in an sakar mini mota."

Darakta ya biyo baya.

"Malama, yaya kike so in yi da ke? Hoton da sanarwa ta hana, shi ne a fayil ɗin da ake jiran in sa wa hannu."

"Ranka ya daɗe, ka sa hannu a duka biyun, na mota da na tuhumata. Amma don Allah ka fara da na mota."

Na ji ya yi dogon numfashi. "Haka zan yi. Kuma kada ki ɗauka yabo ne."

Ranar Juma'a da hantsi likita ya harba allurar daga bayan mota. Gimbiya ta yi gudu kaɗan, ta fara tangaɗi, 'yan sintiri suka sa igiya suka kwantar da ita kamar ana sauke dogon tsani. Aka rufe mata ido da tawul, mutum biyu suka tallafe kan. Ni aka ba riƙon kwanon magani. Likita ya cusa almakashin ƙarfe cikin ciwon, ya danna da hannu biyu, igiyar ta ce ɗas. Ya wanke, ya cika wurin da magani, ya yi mata allurar farkawa, ya ce kowa ya gudu. Minti goma sha biyu duka-duka. Ta miƙe a sassa, gaba sannan baya, ta kai shuri da ƙafar mai ciwon, saura kaɗan hular likita ta tafi da kansa.

Daga inda ya faɗi zaune ya ce, "Madalla. Ƙafar tana aiki."

Takardar tuhuma ta iso ran Litinin: in bayyana cikin awa arba'in da takwas dalilin da ba za a hukunta ni ba. Na amsa da shafi tara. Rabin shafi bayani ne, sauran kuwa tsarin izinin gaggawa ne wanda ma'aikacin ƙofa zai iya bayarwa nan take in dabba ta ji rauni, da buƙatar a kai kyamarar gandu gyara. Darakta ya rubuta a gefe da jan biro: an ce ki kare kanki, kin turo sabuwar doka. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, aka ƙara mini wata uku kafin tabbatarwa. Izinin gaggawa kuwa an ce ana duba shi. Kyamarar tana nan cikin kabad tana ƙara fumfuna. Duk ranar Litinin ina tura musu tuni, kuma ba zan daina ba, su gaji ko in gaji, ni kuwa ba na gajiya.

Izinin mijin Yaya ya fito ranar da ya cika kwana goma sha huɗu na aiki cif, da hatimi biyu, na yini ɗaya. Ya zo da shi a cikin leda kamar takardar gado. Baba ya miƙe ya sara masa. Na auna hancin duk da haka, arba'in da ɗaya, na rubuta lambar izini a gurbinta. Guntuwar igiyar birkin tana rataye a ƙusa, Baba ya sa ta tsakanin sanda da tef.

Muka tarar da garken a gefen kogi. Gimbiya tana tsakiyarsu tana zarar ganye daga ƙolin bishiya, da ɗan ɗingishi in ka san inda za ka duba. Sama da kofaton akwai zobe fari inda gashi bai fito ba. Mijin Yaya ya ɗauki gashin ido har ya ƙoshi, ban hana shi ba, izininsa ne. Sannan ya sauke hancin ƙasa ya ɗauki ƙafar ba tare da na ce masa komai ba. Ya daɗe yana duban hoton, babban yatsansa yana shafa gilashin daidai kan zoben.

"Ƙanwata, tabon nan. Minti biyar ne kawai, ba wanda zai..."

"Mijin Yaya."

"Na bar shi, na bar shi. Tambaya na yi."